Kyautar Emmy ta Duniya: da gaske duniya take zaɓa, ko masu Turanci ne ke raba wa juna?

Abban_Sadik:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da bikin Emmy na ƙasa da ƙasa, wanda ake yi duk watan Nuwamba a birnin New York. An ce an kafa shi ne don karrama shirye-shiryen talabijin da aka yi aka kuma fara haskawa a wajen Amurka. To ku duba waɗanda suka ɗauki kyautar gwarzon jarumi: 2020 Billy Barratt, 2021 David Tennant, 2022 Dougray Scott, 2023 Martin Freeman, 2024 Timothy Spall. Shekara biyar a jere, dukansu 'yan Birtaniya. Ban ce ba su iya ba, wallahi sun iya. Amma a ce duk faɗin duniyar nan, da Asiya da Afirka da Kudancin Amurka, babu namiji ɗaya da ya fi su cikin shekara biyar? Ni dai gani nake kalmar "duniya" ta yi wa wannan kyauta yawa. Ku fitar da ni duhu.

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Amma Abban Sadik ai ɗan Koriya ya ci a 2022, wannan na Squid Game. Na ga hotonsa riƙe da kyautar da idona.

MalamNaAllo:
Ummu Hanifa, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don haka bari in warware. Emmy ba biki ɗaya ba ne. Hukumomi uku ne ke riƙe da sunan. Akwai wadda ke Los Angeles, ita ke ba da kyautar shirye-shiryen dare na Amurka, wadda aka fi sani, galibi a watan Satumba. Akwai ta biyu mai kula da shirye-shiryen rana da labarai da wasanni. Sai ta uku, ta ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a 1969, ita ce mai bikin Nuwamba da Abban Sadik ke magana a kai. Ɗan Koriyan nan, Lee Jung-jae, a ta Los Angeles ya ci, a Satumban 2022, shi da daraktan shirin Hwang Dong-hyuk. Shirin ya shiga can ne saboda da hannun kamfanin Netflix na Amurka aka yi shi. Saboda haka lissafin Abban Sadik bai karye ba.

Ummu_Hanifa:
Allah sarki, na gode Malam. Ni duk ɗauka nake abu ɗaya ne, tunda mutum-mutumin da suke ɗagawa iri ɗaya ne.

Dattijo_Mai_Rediyo:
Yaro, ka zaɓi rukuni ɗaya ne ka gina hujjarka a kai. Ɗauko na gwarzon shiri mai dogon zango mu gani. 2018 Sifaniya ta ɗauka da La Casa de Papel. 2019 Birtaniya. 2020 Indiya da Delhi Crime. 2021 Isra'ila. 2022 Birtaniya. 2023 Jamus. 2024 shirin Faransa. Cikin bakwai, biyu kacal suka tafi Birtaniya. Ko a ɓangaren mata, bayan Turawan Ingila biyu da suka ci a 2020 da 2021, sai 'yar Faransa, sai Karla Souza 'yar Meziko a 2023, sai 'yar Tailan a 2024. In za a yi hukunci a ɗora duka a sikeli.

Abban_Sadik:
Baba Dattijo, na karɓi gyara a kan rukunin shiri. Amma ka lura da abu ɗaya. Labari mai kyau yana iya tsallake shingen harshe, domin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo tana isar da shi. Wasan jarumi kuwa ba haka yake ba. Rabin gwanintar ɗan wasa a bakinsa take: inda ya ja kalma, inda ya haɗiye ta, karin harshen garin da ya ara. Alƙalin da ba ya jin yaren idonsa na ƙasa yana karatu, ba ya ma kallon fuskar. Turanci kuwa kusan kowane alƙali yana ji. To ka ga an fara tseren wani yana gaba.

Zinariya_92:
Wannan magana ta Abban Sadik ta taɓa ni, don na gani a kaina. Na shekara uku ina koyon harshen Turkiyya, kuma dalilin koyon ma shirye-shiryensu ne. Na kalli Şahsiyet sau biyu. Karon farko da fassarar rubutu, na ji daɗinsa, na ce tsohon nan ya iya wasa, shi ke nan. Karo na biyu bayan kunnena ya fara buɗewa, sai na ga kamar wani shiri ne daban. Haluk Bilginer ya fito a matsayin tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, likita ya gaya masa cutar mantuwa ta kama shi. Akwai yadda yake magana cikin ladabi irin na dattawan da, kalmomi tsofaffi, a hankali, alhali abin da yake shirin aikatawa mai ban tsoro ne. Wannan saɓanin tsakanin laushin harshe da nauyin aiki shi ne ruhin wasan, kuma fassara ba ta ɗauko ko rabinsa ba. Layi biyu ne a ƙasan allo, dole a gajarta. Duk da haka ya ci kyautar gwarzon jarumi a 2019. Abin da nake gani shi ne, jarumin da ba da Turanci ya yi wasa ba sai ya ninka ƙoƙari kafin a gan shi, amma idan ya kai inda ya kai, ana gani.

Kwamared_Bash:
@Zinariya_92 kar ki manta Bilginer ba baƙo ba ne a wurin Turawa. Ya zauna a Ingila, ya fito a shirin EastEnders na BBC a shekarun 1980. Fuskar sananniya ce a wajensu.

Zinariya_92:
Haka ne Kwamared, amma rage masa daraja ne a ce don haka ya ci. Ka kalli shirin tukuna, kashi 12 ne zangon farko, sannan mu yi magana.

Hajiya_Mai_Nazari:
Ni ina ganin kun tsallake tushen maganar. Ba zagaya duniya alƙalan nan suke yi suna neman shiri mai kyau ba. Mai shiri ne ke kai kansa. Kamfani ko tashar talabijin ce za ta cike takardu, ta biya kuɗin shiga, ta tura shirin da fassarar Turanci idan ba da Turanci aka yi shi ba, kuma cikin wa'adin da aka tsayar. Wanda bai tura ba, ko shirinsa ya fi na kowa, babu shi a lissafi. To wa ya fi sanin wannan hanya? Manyan gidaje irin su BBC da ITV da Globo ta Brazil, waɗanda suka daɗe a harkar kuma suke da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Ƙaramin furodusa da ya gama shiri da ƙyar, bashi a wuyansa, ina ya ga sukunin biyan mai fassara ƙwararre? Saboda haka kafin mu zargi alƙalai da son kai, mu tambayi su wa suka isa gabansu. Ba a cin kasuwar da ba a je ba.

Abban_Sadik:
Hajiya, ai kin ƙara ƙarfafa maganata ne ta wata ƙofar. In dai sai mai hali ke isa gaban alƙalai, to a kira ta kyautar waɗanda suka iya turawa.

Hajiya_Mai_Nazari:
A'a ɗana, da bambanci. Kai ka fara da cewa ana raba wa juna, wato akwai maguɗi. Ni cewa na yi ƙofar ce ƙunci. Maganin maguɗi daban, maganin ƙuncin ƙofa daban.

MalamNaAllo:
Ƙari a kan bayanin Hajiya: zagaye uku ake yi na tantancewa, kuma alƙalan ma'aikatan talabijin ne daga ƙasashe da dama, ba Amurkawa zalla ba. Zagaye na tsakiya ma a birane daban-daban na duniya ake zama a yi shi. A ƙarshe galibi huɗu ke fitowa a kowane rukuni, kuma idan ka bi jerin shekara da shekara za ka ga ba kasafai huɗun ke fitowa daga yanki ɗaya ba. Inda tambayar Abban Sadik ke da ƙarfi shi ne a zagayen ƙarshe, lokacin da mai Turanci ɗaya zai tsaya da uku masu wasu harsuna.

Autan_Mama:
Tambaya daga gefe don Allah. Mece ce ma'anar Emmy ɗin? Sunan matar da ke jikin kyautar ne?

Injiniya_Sani_TV:
Auta, ba sunan mace ba ne asali. A zamanin farko na talabijin akwai wani bututun gilashi a cikin kyamara wanda ke ɗaukar hoto, ma'aikata suna yi masa laƙabi da "immy". Daga nan aka juya shi ya zama Emmy don ya dace da siffar mace. Wani injiniyan talabijin mai suna Louis McManus ne ya zana mutum-mutumin, kuma matarsa ya kalla ya zana. Fukafukan suna nufin fasaha, abin da ta ɗaga sama kuma ƙwayar zarra ce, tana nufin kimiyya. An fara ba da Emmy a 1949 a Los Angeles. Ni abin da ke burge ni ke nan, kyautar ta ɗauki sunanta daga kayan aikin waɗanda ke bayan kyamara, waɗanda ba a tafa musu.

Autan_Mama:
Ikon Allah. Na ƙaru, Yaya Injiniya.

Anti_Rabi_Telenobela:
Ku kuna ta faɗa a kan jarumai maza, ku zo rukunina ku ga inda Turanci ba ya da ta cewa. Rukunin telenobela, wato dogayen shirye-shiryen soyayya da rikicin iyali masu kashi da yawa, an buɗe shi a 2008. Kun san wa ya fara ɗauka? Ba Brazil ba, ba Meziko ba. Shirin Larabci ne daga ƙasar Jodan, Al-Ijtiyah, a kan abin da ya faru a Falasɗinu a 2002. A shekara ta gaba Globo ta ɗauka da Caminho das Índias, daga nan Brazil da Potugal suka yi ta juya abin a tsakaninsu. Sai 2017 Turkiyya ta shigo da Kara Sevda, ta sake dawowa a 2023 da Yargı. Ni na kalli Kara Sevda daga kashi na farko har na 74, kuma ranar da na ji ya ci na yi murna kamar da ni aka yi shi. Dalilina shi ne, irin waɗannan shirye-shiryen ana raina su, ana cewa na masu zaman banza ne. Amma riƙe zuciyar mai kallo tsawon kashi saba'in da wani abu, kowane kashi ya kai awa biyu, ba ƙaramin aiki ba ne. Marubuci ya san inda zai tsaya ka kwana da tunani. Wannan biki ya ware musu gurbi nasu na kansu, kuma wannan kaɗai ya isa in girmama shi.

Kwamared_Bash:
Anti Rabi, amma ware musu gurbi ba yana nufin an ce ku tsaya can gefe ba, kada ku shigo babban fage?

Anti_Rabi_Telenobela:
Ban ɗauke shi haka ba. Yaya za ka auna shiri mai kashi 6 da aka shekara ana gogewa da wanda ake ɗauka ana haskawa mako-mako? Kowane da ma'auninsa. Da an haɗa su wuri ɗaya da telenobela ba ta taɓa cin komai ba.

Dattijo_Mai_Rediyo:
Tunda an ambaci 2020, bari in faɗi abin da ya sa ba na yarda a raina bikin nan. Shekarar annobar korona ce, ba a taru a zaure ba, ta intanet aka yi. A biki ɗaya gwarzuwar jaruma Glenda Jackson ce, tana da shekara 84, gwarzon jarumi kuma Billy Barratt, yana da 13. Ita Glenda ta bar wasan kwaikwayo ta shiga majalisar dokokin Birtaniya daga 1992 har 2015, ta dawo ta fito a matsayin tsohuwa mai cutar mantuwa da ke neman ƙawarta da ta ɓata. Na kalli wasan nan ina zaune kusa da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, wadda ita ma a lokacin ta fara manta sunayenmu. Ban iya ƙarasa shi a zama ɗaya ba. Fushin da tsohuwar ke yi idan ta ga ba a yarda da maganarta ba, da ƙananan takardun da take rubutawa tana cusawa a aljihu don kada ta manta, duk na san su a gidana. Eh, 'yar Birtaniya ce. Amma ranar ban ga ƙasa ba, uwata na gani. Kafin ita ma Fernanda Montenegro ta Brazil ta ci wannan kyauta a 2013, ita ma tana da 84. Wurin da ke duba tsofaffin mata ya ce su ne gwanaye, a sana'ar da ke son fuskar ƙuruciya, yana da abin da yake yi daidai.

Ummu_Hanifa:
Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta. Baba ka sa na yi ƙwalla.

Zinariya_92:
Amin. Allah Ya kai haske kabarinta.

Dattijo_Mai_Rediyo:
Amin, na gode 'ya'yana.

Ɗan_Nahiyar:
Allah Ya gafarta mata, Baba. Ina so in dawo da mu kan tambayar farko ta fuskar Afirka, don nan ne maganar Abban Sadik ta fi ciwo. Thuso Mbedu ta Afirka ta Kudu ta shiga jerin huɗun ƙarshe na gwarzuwar jaruma har sau biyu a jere, 2017 da 2018, a kan shirin Is'thunzi. Karon farko Anna Friel ta Birtaniya ta ɗauka, karo na biyu Anna Schudt ta Jamus. Angola ma ta kai jerin ƙarshe a rukunin telenobela da Windeck a 2013. Ana isa bakin ƙofa, shiga ce ke wuya. A 2019 Mo Abudu 'yar Najeriya ta shugabanci bikin, abin alfahari ne, amma kujerar shugabanci daban, kyauta a hannun jarumi daban.

Hajiya_Mai_Nazari:
Amma ka duba inda Thuso take yanzu. Bayan waɗannan shekaru biyun ta samu jagorancin babban shiri a Amurka a 2021. Ba zan rantse cewa shiga jerin ne kaɗai ya kai ta ba, gwanintarta ce, sai dai sunanta ya shiga kunnuwan da da bai shiga ba. A kwanakin bikin masu sayen shirye-shirye da furodusoshi daga ƙasashe da yawa suna haɗuwa a New York, ana nuna ayyukan waɗanda suka kai ƙarshe, ana tattaunawa. Wani lokaci abin da mutum zai samu a wannan haɗuwa ya fi mutum-mutumin amfani.

Ɗan_Nahiyar:
Na yarda Hajiya, sai dai akwai abin da ke damuna a ciki. Idan ribar ita ce a ɗauke gwanayenmu su koma yin wasa da Turanci a wata ƙasa, wa zai tsaya ya gina na gida?

Kwamared_Bash:
Ga wata kuma. Ku lura da yawan waɗanda suka ci a 'yan shekarun nan da ke da alaƙa da manyan kamfanonin haska shiri ta intanet. Delhi Crime na Netflix ne. The Empress na Jamus da ya ci a 2023 na Netflix ne. La Casa de Papel a tashar Antena 3 ta Sifaniya ya fara a 2017, amma sai da Netflix ya ɗauke shi duniya ta san da shi, shekara ta zagayo ya ci kyauta. Kyautar da aka kafa don abin da ke wajen Amurka, ga kuɗin Amurka ya zagayo ta baya ya shigo.

Injiniya_Sani_TV:
Kwamared, gaskiya ne, amma a Delhi Crime wa ya yi wasan, da wane harshe? Shefali Shah ce ta ja shirin a matsayin jami'ar 'yan sanda mai binciken ta'asar da aka yi wa wata ɗaliba a Delhi a 2012, kuma yawancin maganar da Hindi ake yi. Kashi bakwai ne, babu waƙa da rawa, babu ƙawa, aikin bincike ne da gajiya da rashin barci. Shi ne karon farko da Indiya ta ɗauki kyautar gwarzon shiri. Kuɗin daga waje ya zo, amma labarin nasu ne. Bayan nan Vir Das ɗan Indiya ya ci ta barkwanci a 2023, furodusa Ekta Kapoor 'yar ƙasarsu ta karɓi lambar girmamawa a daren, a 2024 kuma shi Vir Das ɗin ne ya gabatar da bikin gaba ɗaya. Ƙasar da ta dage da turawa, ana ganin sakamako.

Zinariya_92:
Barkwanci ma ai shi ya fi kowane rukuni wahalar aunawa. Kuka ɗaya ne a ko'ina, amma abin dariya yana da gida. Vir Das ma yawancin wasansa da Turanci yake yi, kuma raba kyautar aka yi tsakaninsa da shirin Derry Girls. Ina tausayin mai barkwancin da duk gwanintarsa a wasa da kalmomin yarensu take.

MalamNaAllo:
Shirin Faransa Dix pour cent ya ci wannan rukuni a 2021, kuma da Faransanci aka yi shi. Yana yiwuwa, ko da yake na yarda da ke cewa dariyarsa a halayen mutanen take fiye da a kalmomi.

Abban_Sadik:
Na karanta duka, Allah Ya saka da alheri. Na janye kalmar "raba wa juna", Hajiya ta gamsar da ni cewa ba ni da hujjar maguɗi. Amma jarumai biyar a jere suna nan daram, babu wanda ya ba ni amsar da ta kwantar mini da hankali a kansu. Da ni ne, da na sa sharaɗi a zagayen ƙarshe na rukunin jarumai cewa kowane ɗan takara a samu alƙalai masu jin yarensa a cikin masu yanke hukunci.

Hajiya_Mai_Nazari:
To idan mai jin yaren ya fifita ɗan ƙasarsu fa? Ka toshe rami ka haƙa wani.

Zinariya_92:
Ba lallai ya zama ɗan ƙasarsu ba, Hajiya. Akwai masu fassara da malaman harshe da suka san wasan kwaikwayo. Ko ba su jefa ƙuri'a ba, su zauna da alƙalan su nuna musu abin da rubutun ƙasan allo ya zubar.

Autan_Mama:
Ni dai na rubuta sunaye huɗu daga wannan zaren zan nema. Anti Zinariya, in fara da Şahsiyet ko da Delhi Crime?

Zinariya_92:
Fara da Şahsiyet, Auta. Amma ka bar muryoyinsu na asali, kada ka ɗauki wanda aka ɗora wa wata murya. Ko ba ka jin kalma ɗaya, ka saurari yadda tsohon ke sauke murya idan ya zo faɗin abu mai nauyi.